Yadda ake tashi canjaras a wasan ches: daga maƙalewar sarki zuwa kiran alƙalin wasa

Tambayar da masu karatu suka fi dawo mini da ita ita ce wannan: "Na cinye masa komai, saura sarkinsa tilo, ina shirin gamawa da shi sai aka ce an tashi kunnen doki. Ta yaya?" Wasu kuma akasin haka ne ya same su. Sun san akwai dokar maimaici, sun ga yanayin ya dawo sau uku, amma da suka kira alƙali sai ya ce sun makara. Duka biyun matsalarsu ɗaya: hannu ya riga ido. Canjaras a ches yana da tsari, kuma wanda ya saɓa jerin matakan yana iya rasa rabin maki ko da gaskiya na wajensa.

Dokokin da zan bi su ne na FIDE, hukumar ches ta duniya. Inda manhajojin intanet suka bambanta zan faɗa.

Abin da za ka tanada

Allo da 'ya'yansa, domin duk misalin da ke ƙasa sai ka jera shi ka taɓa da hannunka kafin ya zauna maka. In gasa za ka shiga, akwai agogo, takardar rubuta motsi da biro. Sunayen da zan yi amfani da su: sarki, sarauniya, hasumiya, bishof, doki, soja. Gidajen allo ana kiransu da harafi da lamba, a zuwa h a kwance, 1 zuwa 8 a tsaye. Cek shi ne a kai wa sarki hari, cekmet kuma harin da ba shi da mafita. Nasara maki 1 ce, canjaras rabi-rabi.

Mataki na 1: Gane maƙalewa da tambayoyi uku

Maƙalewa ita ce mai yin motsi ya rasa duk wani motsi na halal alhali ba a kai wa sarkinsa hari ba. Kafin ka ce an maƙale, bi waɗannan a jere:

Wa ke da motsi? Maƙalewa ta shafi wanda motsi ya zo kansa ne kawai. Yanayi ɗaya yana iya zama canjaras in baƙi ne da motsi, ya zama nasara in fari ne.

Sarkinsa yana cikin cek? In eh, kuma babu mafita, wannan cekmet ne, wasa ya ƙare da nasara.

Akwai wani ɗa nasa da zai iya motsawa, ko da soja ɗaya ne can gefen allo? In akwai, dole ya motsa shi ko da motsin zai kashe shi.

Gargaɗi: kada ka kalli sarki kaɗai. Sababbin 'yan wasa sukan ga sarkinsu ya rasa gidan zuwa su miƙe suna cewa canjaras, alhali ga soja a h7 da hanya a buɗe gabansa. Haka kuma ba sai allo ya zama fayau ake maƙalewa ba. Sam Loyd, mai tsara wasannin ƙwaƙwalwa na ches, ya nuna yadda za a iya maƙalewa cikin motsi 10 kacal, mai baƙaƙe yana riƙe da sarauniyarsa da hasumiyoyinsa biyu amma duk sun toshe wa juna hanya.

Da zarar an maƙale da motsi na halal, wasa ya ƙare nan take. Ba a neman izinin kowa, kuma in agogon wani ya ƙare bayan haka, ihu ne bayan hari.

Mataki na 2: In kai ke kan gaba, bar masa gidan numfashi

Nan ne aka fi zubar da hawaye, don haka zan daɗe a kai.

Sarauniya ce babbar mai laifi, saboda tana rufe gidaje da yawa a lokaci guda. Sa sarkin baƙi a a8, sa farar sarauniya a b6. Duba da kyau: a7 a rufe, b7 a rufe, b8 a rufe, amma a8 ɗin kansa babu hari a kansa. In baƙi ne da motsi, an tashi. Haka in sarauniyar tana c7. A ɗaya lungun, sarki a h8, gidajen haɗari su ne g6 da f7. Abin da ya haɗa su duka: sarauniya tana nesa da sarkin da ke lungu da tazarar tsallen doki.

Abin takaicin shi ne wannan tazarar ita ce hanyar da ake koya wa mutum ya kora sarki zuwa gefe. Ga yadda ake yi ba tare da faɗawa rami ba:

(a) Ajiye sarauniya a tazarar tsallen doki daga sarkinsa. Duk inda ya matsa, bi shi da irin motsinsa, kana rage masa fili. Ba sai ka ba da cek ba.

(b) Da ya isa layin gefe, ka rufe layin da ke gabansa da sarauniya, ka tabbata yana da aƙalla gida biyu da zai riƙa kai-komo tsakaninsu.

(c) Cire hannunka daga kan sarauniya. Kada ka ƙara taɓa ta.

(d) Taho da sarkinka gida-gida har ya zo kusa.

(e) Sai ka ba da cekmet.

Gargaɗi a kan (c): matsalar tana zuwa ne in sarkinsa ya shiga lungu kai kuma ka bi shi da tsallen dokin nan sau ɗaya fiye da kima. In ya shiga a8 sarauniyarka tana d7, bar ta a nan. Zai riƙa yawo tsakanin a8 da b8 har sarkinka ya iso. Da wasa mai kyau, sarki da sarauniya suna gama sarki tilo cikin motsi 10 ko ƙasa da haka, hasumiya kuma cikin 16. Babu abin da ke korarka.

Na biyu shi ne kwaɗayin sarauniyoyi. Ni kaina na taɓa yin wannan wautar a farkon koyona. Ina da sarauniya ɗaya da sojoji biyu a bakin layin ƙarshe, inda soja ke rikiɗa ya zama sarauniya ko wani ɗa, abokin wasana wani dattijo ne mai haƙuri wanda ya ƙi sallamawa. Sai na ce bari in nuna masa iyakarsa. Na fitar da sarauniya ta biyu, na tura soja na ƙarshe na fitar da ta uku, ina murmushi. Bai ce komai ba. Ya ɗan leƙa allon ta saman tabaransa, ya sa yatsa ya nuna gidaje uku da ke kewaye da sarkinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo mini hannu. Garin neman gira na rasa ido. Sarauniya ɗaya ta isa. In ka ga dole sai ka ƙara, ɗauki hasumiya.

Wani lokaci ma hasumiyar ce kaɗai daidai. Jera wannan: farin sarki a c6, farin soja a c7, sarkin baƙi a a7, fari da motsi. In ka kai soja c8 ka ɗauki sarauniya, ta rufe a8 da b8 da b7 da a6, sarkinka ya rufe b6, baƙi ya maƙale. Ɗauki hasumiya. Yanzu a6 a buɗe take, dole ya tafi can, sai ka kai hasumiya a8, cekmet.

Ɗabi'ar da za ta cece ka guda ɗaya ce. Duk lokacin da abokin wasa ya rage da 'ya'ya kaɗan, kuma motsin da za ka yi ba cek ba ne, tambayi kanka kafin ka saki: in na ajiye nan, ina zai taka? In ba ka iya nuna gidan da yatsa ba, kada ka ajiye.

Mataki na 3: In kai ke ƙasa, nemi maƙalewa da gangan

Maƙalewa ba haɗari ba ce kawai, makami ce. Ga yanayi huɗu da ya kamata ka haddace.

Sarki da soja a kan sarki tilo. Aikinka shi ne ka tsaya gaban sojan, in an tura ka baya ka ja da baya a miƙe, ba a karkace ba. Jera: farin sarki e5, farin soja e6, sarkinka baƙi a e7, kai ke da motsi. Koma e8. Fari ya zo d6, ka fuskance shi a d8. Ya tura soja e7 da cek, ka koma e8. Yanzu in ba ya so ya rasa sojan dole ya zo e6, kai kuma ba ka da gidan zuwa. Canjaras.

Gargaɗi: in a motsin farko ka tafi d8 maimakon e8, ka mutu. Fari zai zo d6, ka koma e8, ya tura e7 ba tare da cek ba, dole ka fita f7, ya shiga d7 ya fitar da sarauniya. Gida ɗaya ne tsakanin rabin maki da sifili. Alamar da za ka riƙe a irin wannan yanayi: in sojan ya hau layi na bakwai da cek, ka tsira. In ya hau shiru, ka tafi.

Sojan gefe. In sojan da ya rage masa na layin a ne ko h, ruga da sarkinka zuwa lungun da sojan zai sauka. Da ka shiga, babu mai fitar da kai. Abin ya fi haka daɗi: ko da yana da bishof a kan sojan, in bishof ɗin ba ya taka launin gidan lungun, canjaras ne. Gidan h8 baƙi ne. Mai sojan h da bishof na fararen gidaje ba zai iya korar sarkin da ke kai-komo tsakanin h8 da maƙwabtansa ba. Kafin ka yarda da musayar 'ya'ya a ƙarshen wasa, duba launin lungun.

Soja a bakin sauka a kan sarauniya. Yawanci sarauniya ce ke cin wannan, amma ban da sojan layin c ko f, da na gefe, muddin sarkin mai sarauniya yana nesa. Misali: sojanka baƙi a c2, sarkinka a b1, farar sarauniya ta ba da cek daga b3. Hankali zai ce ka koma c1 ka kare sojan. A'a. Shiga a1 ka bar masa shi. In ya ci sojan, ka maƙale. In bai ci ba, kana barazanar fitar da sarauniya, ba shi da sararin kawo sarkinsa.

Mahaukaciyar hasumiya. In sarkinka ya riga ya rasa gidan zuwa, sojojinka duk a toshe, saura hasumiya ko sarauniya kaɗai ke motsi, to rabu da ita. Riƙa ba da cek da ita a jikin sarkinsa. In ya ci, ka maƙale. In ya gudu, ka bi shi da wani cek ɗin. A gasar zakarun Amurka ta 1963/64, Larry Evans ya yi wa Samuel Reshevsky haka. Reshevsky yana gab da nasara ya ci wani soja da sarauniyarsa, Evans ya jefar da tasa sarauniyar da cek, ya bi da hasumiya, aka tashi rabi-rabi. Ta leƙo ta koma, kuma ba ga ɗan koyo ba.

Gargaɗi: kafin ka fara jefar da 'ya'ya, ƙirga sojojinka ɗaya bayan ɗaya ka tabbata babu mai motsi. Sannan duba cewa cin da zai yi ba zai buɗe wa sarkinka gida ba. In ɗan da ke tsare gidan shi ne zai matsa ya ci hasumiyar, ka yi kyauta ne kawai.

Mataki na 4: Duba ko sauran 'ya'yan za su iya kisa

Akwai yanayin da babu wani jerin motsi na halal, ko da mutum ya yi niyyar taimaka wa abokin wasansa, da zai kai ga cekmet. Wannan mataccen yanayi ne, wasa yana ƙarewa da kansa. Sarki da sarki. Sarki da bishof ɗaya a kan sarki tilo. Sarki da doki ɗaya a kan sarki tilo. Bishof a kan bishof in duka suna taka launi ɗaya. Haka in sojoji sun sarƙe sun zama katanga, sarakuna ba su da ta inda za su ratsa.

Dawaki biyu a kan sarki tilo ba sa cikin wannan jerin. Ba za su iya tilasta cekmet ba, amma in mai tsaron ya yi sakaci yana iya faɗawa, don haka wasa yana ci gaba har a yarda da canjaras ko a cika ƙirgar motsi 50 da ke Mataki na 6. Doki a kan doki ma haka.

Wannan yana da alaƙa da agogo, kuma nan ne rigima ta fi tashi. In lokacinka ya ƙare ka faɗi, sai dai in abokin wasanka ba shi da wata hanya ta halal da zai iya yi maka cekmet. In sarki tilo gare shi, canjaras ne ko da kai kana da sarauniya. Amma a dokar FIDE, in yana da doki ɗaya kai kuma kana da soja, yawanci ka faɗi, domin ana iya tsara yanayin da ɗanka zai toshe wa sarkinka hanya dokin ya gama da kai. Wato sojan da kake taƙama da shi ne ya ja maka. Hukumar ches ta Amurka tana da sassauci a nan, tana ɗaukar doki tilo ko bishof tilo a matsayin abin da bai isa cin wasa da agogo ba in babu kisan dole a allo. Chess.com ya fi karkata ga tsarin Amurka, Lichess ga na FIDE. Shi ya sa yanayi iri ɗaya yake ba ka rabin maki a wuri ɗaya, ya hana ka a wani.

Mataki na 5: Maimaici sau uku, da yadda ake nemansa

Abin da ake ƙirgawa yanayin allo ne, ba motsi ba. Ba dole ne ya dawo a jere ba, kuma ba dole ne a bi hanya ɗaya wajen dawowa ba. A wasa na uku na karawarsu a Buenos Aires a 1971, Tigran Petrosian yana da rinjaye a kan Bobby Fischer, yana ta jujjuya sarauniya da hasumiya ta hanyoyi daban-daban, bai lura allon ya koma kamanninsa karo na uku ba. Fischer ya lura, ya nemi canjaras, aka ba shi.

Kafin a ce yanayi biyu ɗaya ne, sai 'ya'ya iri ɗaya suna gidaje ɗaya, mutum ɗaya ne ke da motsi, kuma damar motsi ba ta canza ba. Wannan na ƙarshen ne ke kayar da mutane. In a karon farko sarki yana da damar yin kasilin, wato motsin da yake matsawa gida biyu hasumiya ta zagayo gefensa, daga baya ya matsa ya dawo, to damar ta tafi, yanayin farko ba ya shiga lissafi. Haka in a karon farko ana iya cin sojan da ya yi taku biyu a wucewarsa.

Yadda ake nema a gasa:

(a) Jira motsi ya zo kanka. Ba a nema a lokacin abokin wasa.

(b) In motsinsa ne ya kawo yanayin karo na uku, kada ka taɓa komai a allo. Tsayar da agogo ka kira alƙali.

(c) In motsinka ne zai kawo shi, rubuta motsin a takarda, kada ka yi shi a allo. Tsayar da agogo, kira alƙali, ka gaya masa wannan motsin za ka yi kuma kana neman canjaras.

Gargaɗi: in ka taɓa ɗa da niyyar motsa shi kafin ka nema, damarka ta wannan motsin ta wuce. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum ya yi motsin, ya danna agogo, sannan ya ɗaga hannu. Yanzu abokin wasansa ne ke da motsi, yana iya kauce wa maimaicin.

(d) Alƙali zai bi takardun ya duba. In ka yi daidai, wasa ya ƙare. In ka yi kuskure, za a ƙara wa abokin wasanka minti 2, a wasannin sauri da na walƙiya minti 1, kuma motsin da ka rubuta dole ka yi shi ko da mummuna ne. Don haka kada ka rubuta motsin da ba za ka iya rayuwa da shi ba.

In babu wanda ya nema, wasa yana ci gaba. Amma tun 2014, in yanayi ya dawo sau biyar alƙali yana tsayar da wasa da kansa.

Cek marar ƙarewa ba doka ce mai zaman kanta ba, hanya ce ta kaiwa ga maimaici. Sa sarkin baƙi a g8 da sojansa a g7, babu soja a f7 ko h7. Farar sarauniya ta ba da cek a e8, sarki ya fita h7, ta ba da cek a h5, ya koma g8, ta dawo e8. Ko baƙi yana da rundunar duniya a ɗaya gefen, in babu ɗan da zai shiga tsakani a f8 ko h6, babu yadda zai yi. In kana ƙasa kuma sarauniyarka tana raye, wannan ne abu na farko da za ka nema. In kana sama, kafin ka tura 'ya'yanka duka farauta, waiwayi gidan sarkinka.

Mataki na 6: Ƙirga 50

In kowane ɗan wasa ya yi motsi 50 ba a ci komai ba kuma ba a motsa soja ba, mai motsi yana iya neman canjaras. Kowanne 50, wato fari 50 baƙi 50, ba a haɗe ba. Cin ɗa ko motsin soja yana mayar da ƙirga sifili. Cek ba ya mayarwa. Hanyar nema iri ɗaya ce da ta maimaici: rubuta, tsayar da agogo, kira alƙali, hannu nesa da allo. In ƙirgar ta kai 75 alƙali yana yanke wasan ko ba a nema ba, sai dai in motsin ƙarshen cekmet ne, to cekmet ɗin ne ke tsayawa.

Sa alama a takardarka a wurin da aka yi ci ko motsin soja na ƙarshe. Ba tare da rubutu ba, hujjarka baki ce kawai.

Za ka ji wasu suna cewa in sarki ya rage shi kaɗai sai a ƙirga masa 16 ko 21 a tashi. Babu wannan a dokar FIDE. In wasan nishaɗi ne kuka amince da haka tun farko, ruwanku, amma kada ka kai shi gasa.

Wanda wannan doka ta fi cizo shi ne mai bishof da doki a kan sarki tilo. Ana cin wasan, amma daga yanayi mafi wuya yana ɗaukar motsi 33 in ba a yi kuskure ko ɗaya ba, saura 17 kenan na tuntuɓe. A Geneva a 2013, Anna Ushenina, tana riƙe da kambun mata na duniya a lokacin, ta kasa kammala shi cikin 50 a wasanta da Olga Girya. In kana da zaɓi tsakanin wannan ƙarshen da wani wanda zai bar maka soja ko da ɗaya ne, ni dai sojan zan riƙe.

Mataki na 7: Tayin canjaras

Jerin shi ne: yi motsinka a allo, ka ce kana tayin canjaras, sannan ka danna agogo. Sa alamar (=) kusa da motsin a takarda. Shi kuma ya yi tunani a lokacinsa.

Gargaɗi: in ka yi tayi kafin ka motsa, tayin yana nan daram, abokin wasa yana iya cewa sai ya ga motsinka. In ka zo ka gano motsi mai cin wasa wanda ba cekmet nan take ba, ka yi shi, yana da ikon ya miƙo hannu ya karɓi tayin. Ba a janye tayi. Yana faɗuwa ne kawai in ya ƙi da baki, ko ya taɓa ɗa don motsawa, ko wasan ya ƙare ta wata hanya.

Kada ka riƙa maimaita tayi. In an ƙi sau ɗaya, bari sai yanayin allo ya canza sosai, ko shi ya kawo nasa. Damun abokin wasa da tayi laifi ne da alƙali zai iya hukuntawa. A ganina kuma wanda ke ƙasa ƙwarai bai kamata ya yi tayi ba, rashin ta-ido ne. Ya nemi maƙalewa ko maimaici a allo.

Karanta ƙa'idar gasar kafin ka zauna, domin wasu suna hana tayi kafin wani adadin motsi. A karawar kambun duniya ta 2018 a Landan, an hana kafin motsi na 30. Duk da haka wasanni 12 na Magnus Carlsen da Fabiano Caruana kaf canjaras aka yi, na ƙarshen ma Carlsen ne ya yi tayi yana da ɗan rinjaye, saboda ya fi amincewa da kansa a wasannin sauri na raba gardama, kuma can ɗin ya ci. Darasin da ke ciki na lissafi ne: kafin ka karɓa ko ka ƙi, duba allo, duba agogo, duba abin da rabin maki zai yi maka a teburin gasa.

In an yi maka tayi, ɗauki ɗan lokaci ka tambayi kanka me ya gani. Sau da yawa mutum yana tayi ne a daidai lokacin da ya hango ɓarakar da kai ba ka gani ba tukuna.

Mataki na 8: A intanet, da kuma sa hannu

A manhaja, maƙalewa da mataccen yanayi kwamfuta ce ke yankewa. Maimaici da ƙirgar 50 kuwa, wani wurin ana tsayar da wasa kai tsaye, wani wurin sai ka danna maɓalli ko ka kunna abin a saitinka. Duba wannan tun kafin ka fara, ba lokacin da ya rage maka daƙiƙa biyar ba. Abu biyu ke jawo maƙalewa a nan fiye da komai: saitin da ke mayar da soja sarauniya kai tsaye ba tare da tambaya ba, da motsin riga-kafi da ake dannawa kafin abokin wasa ya taka. In ya rage da sarki tilo, daina riga-kafin sai in cek ne, kuma ka san yadda ake zaɓen hasumiya a manhajarka.

A gasar allo, bayan an tashi, kowa ya rubuta ½-½ a takardarsa, ku sa hannu a duka biyun. Karanta abin da ke rubuce a takardar abokin wasanka kafin ka sa naka hannun. Sakamakon da aka sa wa hannu shi ke tsayawa ko da kuskure ne, sai in alƙali ya ga dalilin gyarawa.